Rashin Tantance Wanda Aka Yi wa Wasiyya da Ingancin Ikon da Ake Bai wa Wasiyyi

Gabatarwa

Wasiyya magana ce wadda ba ta fara aiki sai ranar da mai ita ya bar duniya. Wannan ne ya bambanta ta da kyauta da ciniki da sauran ƙulle-ƙullen da jama'a ke yi a tsakaninsu. Idan aka sami ruɗani a yarjejeniyar ciniki, ana iya kiran mai saye da mai sayarwa a ji ta bakinsu. Amma idan ruɗanin a cikin wasiyya yake, wanda ya san amsar yana ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da ya rage a hannun alƙali da wasiyyi da magada shi ne kalmomin da ya bari kawai.

A wannan bayani za mu duba tambayoyi biyu da ke yawan kai iyalai gaban kotu. Ta farko, yaya doka ke yi da wasiyyar da ba a tantance wanda aka yi wa ita ba, kamar mutum ya ce a ba “abokaina” ko “dangina” ko “mutanen kirkin unguwarmu”? Ta biyu, ina ne iyakar ikon da mai wasiyya zai damƙa wa wani domin ya zaɓi waɗanda za su amfana? Za mu kawo matsayin dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila, sa'an nan matsayin fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a ke aiki da shi, domin jama'armu na hulɗa da su duka biyu. Bayanin na wayar da kai ne, bai ɗauke wa kowa buƙatar ganin lauya ko malami masani ba.

Ma'anar wasu kalmomi

Mai wasiyya shi ne wanda ya bar umarni a kan dukiyarsa. Wasiyyi shi ne wanda aka naɗa ya zartar da umarnin. Mai riƙon amana shi ne wanda dukiya ke hannunsa domin amfanin wasu. Ikon zaɓi shi ne damar da wasiyya ta ba wani ya ware waɗanda za a ba da kuma nawa za a ba su. Ragowar dukiya kuwa ita ce abin da ya saura bayan an biya bashi an kuma fitar da kyaututtukan da aka ambata ɗaya bayan ɗaya.

Dokokin da ke aiki a kan wasiyya a Nijeriya

Tun zamanin mulkin mallaka Nijeriya ta karɓi ƙa'idojin da kotunan Ingila suka ginu a kai, tare da dokokin gama-gari da ke aiki a can a ranar 1 ga Janairu, 1900. Daga cikinsu akwai Dokar Wasiyya ta 1837, wadda ta sharɗanta a rubuta wasiyya, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin, amma a kan wannan tubali suka ɗora gininsu. Hukunce-hukuncen da kotunan Ingila ke yankewa a yau ba dole ba ne a kan kotunanmu, sai dai alƙalai da lauyoyi na kafa hujja da su saboda tushen ɗaya ne.

A ɗaya ɓangaren, sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin duba al'amuran waƙafi da kyauta da wasiyya da gado idan mai dukiyar musulmi ne. An daɗe ana taƙaddama a kan mahaɗar dokokin biyu. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta yanke cewa musulmin da ya rubuta wasiyyarsa a ƙarƙashin Dokar 1837 yana da 'yancin da dokar ta bayar, ko da ya saɓa wa ƙa'idar rabon gado ta Musulunci. Daga baya wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kwara, sun sa wa dokokinsu sharaɗin da ya kare hukuncin Shari'a a kan dukiyar musulmi, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi aiki da sharaɗin dokar Kwara a shari'ar Ajibaiye da Ajibaiye. Saboda haka matakin farko ga kowa shi ne ya san abin da dokar jiharsa ta tanada.

Tushen ƙa'idar a dokar Ingila

A 1840, a shari'ar Knight da Knight, alƙali Langdale ya jera abubuwa uku da dole su tabbata kafin amana ta inganta: niyyar ɗora nauyi, dukiyar da ake magana a kai, da kuma waɗanda za su amfana. Na ukun shi ne batunmu. Dalilinsa a fili yake. Mai riƙon amana ba zai sauke nauyi ba idan bai san masu haƙƙi ba, kotu kuma ba za ta iya tsawata masa ko ta maye gurbinsa ba idan babu ma'aunin da za ta gane ya yi daidai ko ya kauce.

Tun kafin wannan, shari'ar Morice da Bishop na Durham ta 1804 da 1805 ta nuna illar rashin ma'auni. Wata mata ta bar ragowar dukiyarta a hannun Bishop ɗin domin ya kashe a kan ayyukan kyautatawa da karamci da ya fi gamsuwa da su. Babu wanda ya zarge shi da rashin gaskiya, amma kotu ta rushe kyautar, ta ce kalmomin sun yi faɗin da babu wanda zai iya tilasta aiki da su. Dukiyar ta koma ga dangin matar.

Kafin kotu ta kai ga rushe kyauta, takan yi iyakar ƙoƙarinta ta gano nufin mamaci. Ƙa'idar da aka bayyana a shari'ar Boyes da Cook ta 1880 ita ce alƙali ya ɗauki kansa a mazaunin mai wasiyya, ya duba halin da yake ciki da mutanen da ke kewaye da shi lokacin da ya yi rubutun. Kuskure kaɗan a suna ba ya rushe kyauta muddin an gane wanda ake nufi. Idan suna ɗaya ya hau kan mutum biyu ko fiye, ana karɓar shaida daga wajen takarda. A shari'ar Jackson ta 1933, wata mata ta yi wasiyya ga wani ɗan danginta mai suna Arthur Murphy, sai aka tarar mutum uku ne a dangin ke amsa wannan suna. Sai da aka saurari shaidu a kan wanda ya fi kusa da ita kafin a tsayar da ɗaya.

Sigogi huɗu da ma'aunin kowacce

Tabbacin da doka ke nema ya danganta da sigar da aka tsara kyautar.

Ta farko, amana mai ƙayyadadden rabo, kamar a ce “a raba wa jikokina daidai wa daida”. A nan dole a iya jero sunayen kowa da kowa, domin ba a sanin rabon mutum ɗaya sai an san adadin masu rabon.

Ta biyu, ikon zaɓi zalla, inda aka ba mutum dama ya bayar ko ya ƙi bayarwa, tare da faɗin inda dukiyar za ta tafi idan bai bayar ba. Kwamitin shari'a na Majalisar Dattawan Birtaniya, wanda shi ne kotun ƙolin ƙasar har zuwa 2009, ya tsayar da ma'aunin wannan a 1968 a shari'ar Gulbenkian. Calouste Gulbenkian, attajirin man fetur ɗan asalin Armeniya, ya ware dukiya domin ɗansa Nubar da iyalinsa da duk wanda Nubar ke zaune tare da shi ko yake yi wa aiki. Kotu ta ce ba a buƙatar cikakken jerin sunaye. Abin da ake buƙata shi ne a iya cewa game da duk mutumin da aka kawo, wannan yana ciki, ko ba ya ciki.

Ta uku, amana mai zaɓi, inda rabawa wajibi ce amma mai riƙon amana ne zai zaɓi wa zai samu. A 1954 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila, a shari'ar Broadway Cottages, ta nemi cikakken jerin sunaye a irin wannan. Amma a 1970 shari'ar McPhail da Doulton ta sauya hakan. Bertram Baden ya kafa asusu a 1941 domin ma'aikatan kamfaninsa na da da na yanzu da danginsu da waɗanda suke ɗaukar nauyi. Bayan rasuwarsa a 1960 wasiyyansa suka nemi a rushe asusun, tunda babu mai iya lissafa dukkan dangin ma'aikata. Da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, bisa jagorancin alƙali Wilberforce, kotu ta ɗauko ma'aunin Gulbenkian ta ɗora a nan. A 1972 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa kalmar dangi ta cika wannan ma'auni. Ko da yake waɗannan shari'o'i biyu a kan takardun da aka rubuta domin su yi aiki tun mai su yana raye ne, ma'aunin nasu ake bi a wasiyya.

Ta huɗu, kyauta ga ɗaiɗaikun mutane bisa sharaɗi. A ƙarshen shekarun 1970, a shari'ar Barlow, wata mata ta yi wasiyya cewa 'yan'uwanta da abokanta za su iya sayen zane-zanenta masu daraja a kan rangwamen farashi. Kotu ta inganta wasiyyar, domin samun wani bai rage rabon wani ba. Duk wanda ya tabbatar abokinta ne na haƙiƙa, wato sun daɗe tare, hulɗarsu ta zumunci ce ba ta kasuwanci ba, kuma suna haɗuwa idan hali ya yi, zai iya saye. Da a ce ta yi umarni a raba kuɗi daidai tsakanin abokanta, da kalmar ba ta wadatar ba.

Ire-iren rashin tabbas

Ya kamata a rarrabe abubuwa huɗu da jama'a ke cakuɗawa. Akwai rashin tabbas a ma'anar kalma kanta, kamar “mutanen kirki” ko “waɗanda suka kyautata mini”. Wannan shi ne mai kashe amana. Akwai wahalar samun hujja, inda kalmar a fili take amma tabbatar da ita ga wani mutum na da wuya. Wannan ba ya rushe amana mai zaɓi, domin wanda ya kasa kawo hujja sai a ajiye shi gefe. Akwai rashin sanin inda mai haƙƙi yake. Wannan ma ba ya rushewa, kuma tun shari'ar Benjamin ta 1902 kotu kan ba da izinin rabawa bisa ɗaukar cewa wanda ya ɓace ya rasu, ba tare da an kashe haƙƙinsa ba idan ya bayyana. Na huɗu shi ne faɗin da ya wuce misali. Alƙali Wilberforce ya buga misali da dukkan mazauna birnin Landan da kewayensa, kuma a tsakiyar shekarun 1980 kotu ta ƙi amincewa da wata amana da aka shirya domin mazauna Yammacin Yorkshire, kimanin mutum miliyan biyu da rabi, saboda babu yadda za a gudanar da ita.

Wasiyyar sadaka da darasin Diplock

Dokar Ingila ta yi sassauci ga kyautar da aka keɓe kacokan domin ayyukan jinƙai da doka ta amince da su, irin su taimakon matalauta da ilimi da addini. Irin wannan ba ta rushewa don ba a ambaci wanda zai karɓa ba. Kotu na tsara yadda za a kashe ta. Sharaɗin shi ne kada a gauraya ta da wata manufa.

Caleb Diplock ya rasu a 1936, ya bar ragowar dukiya da ta haura fam 250,000, ya umarci wasiyyansa su zaɓi ayyukan jinƙai ko na kyautatawa a Ingila su ba su. Wasiyyan ba su nemi fassarar kotu ba, suka raba fiye da fam 200,000 ga ƙungiyoyi 139. Daga baya dangi suka taso. A 1944 kotun ƙolin ƙasar ta rushe kyautar baki ɗaya saboda kalmar “ko”, domin ta buɗe ƙofar kashe dukiyar a kan kyautatawar da doka ba ta lissafa cikin ayyukan jinƙai ba, wadda kuma ba ta da iyaka sananniya. A 1950 kotun ta ƙara tabbatar da cewa dangin na da damar bin ƙungiyoyin su karɓo kuɗin. Kalma mai harafi biyu ta warware nufin mamaci, ta jefa wasiyyai da asibitoci da ƙungiyoyi cikin shari'ar shekaru.

Shin mutum na iya wakilta wani ya yi masa wasiyya?

A shari'ar Diplock alƙalai sun jaddada cewa doka ta ba mutum ikon yin wasiyya da kansa ne, ba ikon barin wani ya yi masa bayan ya mutu ba. Wannan ya sa aka daɗe ana shakkar ingancin iko mai faɗi a cikin wasiyya. Ikon zaɓi iri uku ne: na gaba ɗaya, inda mai shi zai iya ba kowa har da kansa, na musamman, inda zai zaɓa daga ƙayyadadden rukuni kamar 'ya'yan wane, da na tsaka-tsaki, inda zai iya ba kowa ban da wasu da aka togace. A 1990, a shari'ar Beatty, alƙali Hoffmann ya bayyana cewa babu wata ƙa'ida ta daban da ta hana wakilci a wasiyya. Ikon da zai inganta a takardar mai rai zai inganta a wasiyya, muddin ya cika sharaɗin tabbas.

Sai dai iko a hannun mai riƙon amana nauyi ne. Wajibi ne ya riƙa duba lokaci-lokaci ko ya dace ya bayar, ya san faɗin rukunin da aka ba shi, ya auna cancantar kowane mutum da kansa. Ba ya halatta ya fita daga rukunin, ko ya ba wani da sharaɗin a dawo masa da wani abu ta bayan gida. Duk zaɓin da aka yi haka kotu na soke shi.

Matsayin fiƙihun Malikiyya

A Shari'ar Musulunci ana fara fitar da kuɗin jana'iza daga dukiyar mamaci, sai bashi, sai wasiyya, sai gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda ya tabbata a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji wasiyya, sai idan sauran magada sun yarda. Idan abin da ya saura bayan jana'iza da bashi naira miliyan 12 ne, wasiyya ba za ta wuce naira miliyan 4 ba. Ranar mutuwa ake dubawa wajen sanin magaji, ba ranar rubutu ba: ɗan'uwan da yake magaji jiya zai iya fita daga magada idan aka haifa wa mai wasiyya ɗa namiji, sai wasiyyar da aka yi masa ta inganta.

Littattafan da alƙalanmu ke komawa gare su, musamman Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa, sun yi bayanin wanda ake yi wa wasiyya dalla-dalla. Tana inganta ga duk wanda zai iya mallaka, har da ɗan da ba a haifa ba idan ya zo da rai. Tana inganta ga masallaci, a kashe a kan buƙatunsa. Idan ga mutum ayyananne aka yi ta, sai ya karɓa bayan mutuwar mai ita kafin ta tabbata.

Game da rukunin mutane, malamai sun kasa shi biyu. Rukunin da ake iya ƙidayawa, kamar 'ya'yan wane, ana game su duka da rabo. Rukunin da ba ya ƙidayuwa, kamar matalauta ko wata babbar ƙabila, ba a rushe wasiyyarsa, kuma ba a wajabta wa wasiyyi ya game kowa ba. Yana rabawa ne bisa ijtihadinsa, kuma wanda ya mutu kafin rabo magadansa ba su da komai. Haka nan malamai sun ɗora wa kalmomi masu faɗi fassara maimakon su jefar da su: faƙiri na shiga cikin miskinai, miskini na shiga cikin faƙirai, idan aka ce dangin wane, dangin uba ake fara dubawa, na uwa su shigo idan babu na uba, kuma mabuƙaci ana fifita shi ko da ya fi nisa. Mai karatu zai lura cewa wannan rarrabewa tsakanin rukunin da ke ƙidayuwa da wanda ba ya ƙidayuwa ta yi kusa da inda kotunan Ingila suka tsaya a 1970.

Wakilta wasiyyi ya zaɓa ma ya halatta a cikin sulusi, amma da shinge. Wanda aka ce masa ya sanya sulusi inda ya ga dama, matsayin Imamu Malik shi ne ba zai ɗauka wa kansa ba. Idan mai wasiyya ya ce ya sanar da wane inda sulusinsa zai tafi, a gaskata shi, ana gaskata shi, sai fa idan ya ce ɗansa aka ba, saboda tuhuma. Ana sharɗanta wasiyyi ya zama musulmi, baligi mai hankali, adali, mai iya aikin, namiji ne ko mace, kuma bayyanar fasiƙanci na tuɓe shi. Idan biyu aka naɗa, tare za su yi aiki sai in an faɗi akasin haka. Bugu da ƙari, takardar da aka tsinta da rubutun hannun mamaci ba a zartar da ita idan bai kafa shaidu a kanta ba kuma bai yi umarnin a zartar ba, domin mai yiwuwa tunani ne ya rubuta bai yanke shawara ba.

Kalmomin Hausa da ke jawo rigima

Harshenmu na da yalwa wajen zumunci, kuma wannan yalwar takan zama tarko a wasiyya. Bahaushe na kiran ɗan wansa da ɗan ƙanensa “ɗana”, haka ma ɗan riƙo da agola. “Yarana” na iya nufin 'ya'yan cikinsa, ko yaran shagonsa, ko barorin gidansa. “Iyalina” a bakin wani matarsa ce kaɗai, a bakin wani kuma duk wanda ke ci daga tukunyar gidan. “'Yan'uwana” kan tashi daga shaƙiƙai har zuwa 'yan garinsu. “Almajiraina” ba ta bayyana ko na yanzu ake nufi ko duk wanda ya taɓa ɗaukar karatu. Ga kuma al'adar maimaita suna: a gida ɗaya ana iya samun jikoki uku masu sunan kakansu, kowanne da laƙabin da aka fi saninsa da shi, wanda ba shi ne a takardunsa ba.

Muna jan hankali musamman a kan jikoki marayu, waɗanda mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa. Idan kakan ya bar ɗa namiji, ba su da rabo a gado, kuma wasiyya ce babbar hanyar da zai tallafe su. Masar ta mayar da irin wannan wasiyya wajibi a dokarta ta 1946, amma a fiƙihun Malikiyya sai kakan ya yi da kansa. Idan ya ce “jikokina” kawai alhali marayun yake nufi, ya buɗe ƙofa ga dukkan jikoki, rabon marayun ya ragu.

Makomar kyautar da ta rushe

A dokar da aka gada daga Ingila, kyautar da ta rushe tana faɗawa cikin ragowar dukiya. Idan ta ragowar ce ta rushe, sai a raba ta tamkar mamaci bai bar wasiyya a kanta ba. A Shari'a kuwa tana komawa cikin gado. A dukkan biyun mai riƙon amana ba ya cin ta, kuma wasiyyin da ya raba bisa kuskure ana iya bin sa ya biya daga aljihunsa.

Shawarwari ga jama'a

1. A rubuta cikakken sunan wanda aka yi wa wasiyya da na mahaifinsa da laƙabinsa da dangantakarsa da mai wasiyya.
2. Idan rukuni ne, a faɗi iyakarsa da lokacin da za a ƙidaya shi, misali ɗaliban da ke makarantar a ranar rasuwa.
3. A bayyana ko daidai za a raba ko wasiyyi ne zai zaɓa, kuma ko dole ne ya raba ko dama ce aka ba shi.
4. A faɗi inda kyauta za ta koma idan mai ita ya riga mai wasiyya rasuwa, ko ƙungiyar ta rushe, ko ba a yi amfani da ikon zaɓi ba.
5. A ambaci masallaci ko makaranta ko gidan marayu da sunansa da unguwarsa da garinsa, kuma kada a gauraya sadaka da wata manufa a jimla ɗaya.
6. A naɗa wasiyyi amintacce da saninsa, a tanadi wanda zai gaje shi, a kafa shaidu waɗanda ba su da rabo a cikin wasiyyar, domin Dokar 1837 ta soke kyautar da aka yi wa shaida ko abokin aurensa.
7. A sake duba wasiyya bayan aure ko haihuwa ko rasuwa a cikin iyali, a kuma ajiye ta a rajistar Babbar Kotu ko wani amintaccen wuri da iyali suka sani.
8. Wasiyyin da ya yi shakkar ma'anar wata kalma ya nemi fassarar kotu kafin ya fitar da ko sisin kwabo.

Kammalawa

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, kuma babu inda wannan ya fi tabbata kamar a wasiyya, tunda mai ita ba zai dawo ya gyara ba. Dokokin biyu da muka duba ba sa gaggawar rushe nufin mamaci, kuma dukkansu sun yarda a ba amintacce ikon zaɓi. Abin da suke nema shi ne a bar ma'aunin da wasiyyi zai bi, wanda alƙali kuma zai iya auna shi da shi. Muna kira ga duk mai niyyar yin wasiyya da ya karanta abin da ya rubuta ya tambayi kansa: baƙon da bai taɓa sanina ba, idan aka miƙa masa wannan takarda, zai gane wa nake nufi? Idan amsar a'a ce, to a gyara tun ana da rai da lafiya.